Shibra a Damin Irin Gwaggo

Mun tashi daga Maradi da asuba, mutane na fitowa daga masallaci, mu uku cikin tsohuwar mota katkat ta wurin aikinmu: ni, da direba, da wata malama da aka turo mana daga Yamai. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a gonar gwajin iri. Aikina bai wuce auna tsawon kara da ƙirga zangarniya in rubuta a littafi ba, kuma an haɗa ni da malamar ne don kawai ni ɗan ƙasar Madarunfa ne, na san wuraren da hanya take kafe mota. Ita kuwa 'yar Damagaram ce, ta yi dogon karatu a waje kan gadon tsirrai, wato abin da ƙwaya take ɗaukowa daga uwa ta miƙa wa 'ya'ya. Ba ta da yawan dariya, shi ya sa tun a mota na shiga taitayina.

Abin da ya fitar da mu kuwa, ko mutanen gidana sai da na ji kunyar gaya musu. Shibra muka tafi nema. Ga wanda bai taɓa riƙe hauya ba, shibra ita ce geron nan na banza da ke fitowa cikin gero. Kamarsu ɗaya tun suna ƙanana, manomi ya yi mata noma, ya yi mata maimai, ranar da ta nuna sai ta zubar da 'ya'yanta a ƙasa tun ba a zo yanka ba. Direba ya ce shekararsa goma sha tara yana tuƙa masu ilimi, amma bai taɓa ƙona mai don neman ciyawa ba sai yau.

Ni kuma ina da wata buƙata tawa a tafiyar. A wani ɗan ƙauye kusa da Gabi akwai Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifina, wadda ta goya ni shekara biyu lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Rabona da ita shekara shida, tun ta'aziyyar mijinta. Daga Maradi zuwa can ba wata tafiya ba ce, ba ni da abin da zan ce ya hana ni sai lalaci. Na shirya mu sauka a gidanta, na kuma haɗa mata tsaraba a buhu: sukari, sabulu, goro da turmin atamfa ɗaya.

Muna sauka daga kwalta muka hau jar hanya, wadda damina ta yi wa kaca-kaca. Kaka ta kama sosai. Amalanken jakuna sai wuce mu suke yi da dammunan gero, an loda musu har ba ka ganin mai kora sai hularsa. Dawa kuwa tana tsaye tukuna, ta sunkuyar da kai. A Safo muka karya kumallo da koko da ƙosai. Tun da aka karya darajar sefa ƙosai ya rame, na dala biyar yanzu ba ya cika tafin hannu, amma mai suyar ta ce mu gode wa Allah da ba ta rage gishiri ba.

Nan muka fara aiki. Mun ɗinka dogayen jakunkuna da takardar buhun siminti, kowace zangarniya da jakarta, a bayan jakar kuma in rubuta lamba da sunan ƙauye da mai gona. Malama ba ta son shibrar da kowa ke ganewa, 'yar siririya mai gashi. Waɗanda take so su ne manya masu cikar ido, waɗanda suka sha barbara da geron gida har suka ɗauko kamarsa, kuma tana yanka su ne da ɗan sauran ɗanye, don kada su zube kafin mu kai su. Wani dattijo da muka shiga gonarsa ya tsaya yana kallonmu, ya tabbatar da gaske shibra muke so, sai ya ce in muna da babbar mota mu dawo gobe, zai ba mu duka kyauta har da goron godiya. Daga Safo zuwa gonakin da ke bakin Madarunfa, kafin azahar mun tara zangarniya arba'in da ɗaya. Ni na ƙirga, ni na zuba su a buhu, na ɗaure bakinsa.

Tafkin Madarunfa ya cika fal bana, har ruwa ya shiga ƙarƙashin itatuwa. Duk lokacin da na gan shi sai na ji ƙirjina ya buɗe, don a nan na koyi iyo, a nan kuma na sha dukan farko saboda iyon. Masunta na ta fitowa da ƙananan jirage, mata na suya a gindin itace. Muka sayi tarwaɗa soyayya da yaji, direba ya ci nasa ya taya malama cin nata, wai don kada ƙaya ta sarƙe baƙuwa.

Bayan mun yi salla malama ta ja mu bakin ruwa. Ta kama wata shinkafar daji, ta ɗan taɓa kanta da yatsa, sai ƙwayoyin suka watse cikin ruwa. Ta matsa gaba ta girgiza dawar kada, ita ma haka. A jikin wata ƙaya kuma waken gizo ya naɗe, rana ta buga shi, muna tsaye kwanso ɗaya ya murɗe ya fashe, ya harba 'ya'yansa. Ta ce mu lura, duk ɗan daji haka yake yi, don in bai zubar ba zuriyarsa ta ƙare. Amma gero da dawa da shinkafa da waken gida, duk sun bar wannan hali, suna riƙe 'ya'yansu har mai gona ya zo. Kuma ba tare aka raine su ba, kowanne daga nasa kakan na daji ya fito, a ƙasa dabam, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Wake ma ko dangin sauran ba ne.

A gindin kowace ƙwayar ciyawar daji, in ji ta, akwai wata 'yar gaɓa da ke bushewa ta karye idan ƙwayar ta nuna. A geron gida gaɓar ba ta karyewa, kuma wannan abu gado ne, a rubuce yake cikin ƙwayar. Abin da take son sani shi ne, wurin da ya canza cikin gadon gero, shi ne ya canza a dawa da shinkafa, ko kuwa kowanne ta tasa hanyar ya bi ya iso hali ɗaya? Ta ce masu bincike sun fara zargin cewa a hatsi wurin ɗaya ne ko maƙwabcinsa, amma babu wanda ya gama tabbatarwa. Shi ya sa take son shibra, don ita ce ke tsaye tsakanin daji da gida. Za ta haɗa ta da gero, ta shuka 'ya'yan da jikokin, ta ga su wa suka gaji zubarwa su wa suka gaji riƙewa, sannan a bi sawun abin da madubi mai ƙara girma a ɗakin gwaji. Direba ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a danginsu an san inda rowa ta fito ba tare da an shiga ɗakin gwaji ba. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoran malama.

Daga Madarunfa zuwa Gabi hanya ta ƙara lalacewa, amma ƙasa ta ƙara kyau. Itatuwa sun fi yawa, kanya da tsamiya da kuka, gonaki kuma baƙin-ƙirin da albarka. Sau biyu muka sauka muka tura mota a yashi. La'asar sakaliya muka isa ƙauyen.

Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama, ta ɗaga kai ta dube ni, amma na ga ba ni take gani ba, inuwata take gani. Idanunta sun yi fari-fari. Sai da na durƙusa na sake magana ta saki ƙwaryar.

"Babana ne? Matso in ji ka."

Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta shafa kaina da fuskata, ta ce na yi ƙiba irin ta mutanen biro, masu aikin ofis, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta ambaci shekara shidan nan ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ɗanta ya gama yankan gero ya wuce Najeriya cin rani, gidan daga ita sai matarsa Zuwaira, mace mai kazar-kazar, wadda kafin mu gama gaisuwa har ta kama zakara.

Muna jiran tuwo Gwaggo ta kai malama bayan ɗaki ta nuna mata abin da take nuna wa duk baƙon da take ganin girmansa. Wani ɗan ƙaramin rumbu ne, dabam da babban, a ciki dami biyu na iri. Zango ne, dogon gero, wanda marigayi mijinta ya yi fiye da shekara talatin yana zaɓe. Duk kaka, kafin a sa wuƙa a gona, sai ya zaga shi kaɗai yana yanke zangarnun da suka cika masa ido, ya ɗaure su dabam. A ƙauyen har sunansa ya bi gero, zangon Malam ake ce masa. A shekarar yunwa sun ci ganye, sun ci dussa, sun sayar da awaki, amma ba su kwance damin nan ba. Tun da ya rasu ita ce ke zaga gonar. Ta ce shi ne kaɗai abin da ya bar mata wanda yake ƙaruwa.

To, ga inda na yi aika-aika. A wajenmu ba a miƙa wa babba tsaraba hannu da hannu, ana lissafa masa abin da ke ciki. Shigar da ita ɗaki ake yi a ajiye bayan ƙofa, a yi shiru, mai ɗaki ya gani daga baya. Haka na yi da buhun sukari da atamfa. Da na fito na ga awaki suna shinshina buhun shibra a tsakar gida, sai na ɗauke shi shi ma na kai ɗakin, na jingina shi kusa da ɗan'uwansa. Ban ce wa kowa komai ba. A raina wai na yi dabara.

Washegari da sassafe muka fita bakin gulbi neman dawar kada da waken gizo. Mun sha tafiyar ƙasa, ƙarangiya ta yi wa wandona ado har gwiwa, wasu Fulani suka ba mu nono mai sanyi suka ƙi karɓar komai. Da azahar muka dawo a gajiye. Ina cire takalmi Gwaggo ta kira ni, fuskarta cike da fara'a.

"Babana, na ga saƙo. Allah shi yi maka albarka, shi ba ka masu yi maka. Atamfa da sukari duk na gani. Amma irin nan ya fi komi daɗa mini rai."

Na ce, "Wane iri, Gwaggo?"

"Wanga da ka naɗe cikin takarda, ɗaya-ɗaya kamar layu. Na ce lalle abin mai daraja ne. Na kwance damman Malam na raba su ciki, kowane dami ya samu rabonshi, don albarkar ta game."

Na juya na dubi malama, ita ma ni take kallo. Zuwaira ta fito da jakunkunan takardar, ta ninke su tsaf ta ɗaure da zare, wai ko za mu sake amfani da su. Lambobina da sunayen ƙauyuka duk suna nan a bayansu da kyakkyawan rubutuna, sai dai babu zangarniya ko ɗaya a ciki. Aikin yini guda ya tafi, don shibrar da ba a san gonar da ta fito ba ba ta da amfani ga malama. Amma wannan ƙaramin abu ne. Idan damina ta zo aka sussuke damman nan aka shuka, shibra arba'in da ɗaya, kowace da dubban ƙwayoyi, za ta bazu a gonar. Bununinta zai bi iska ya hau sauran geron, kuma daga nan babu mai iya raba su. Abin da yunwa ba ta ci ba, ni na zo da mota zan kashe shi.

Na durƙusa na gaya wa Gwaggo gaskiya. Kalmar shibra da ƙyar ta fita daga bakina. Ta murza bakin zanenta.

"Ai hannuna ya gaya mini," in ji ta a hankali. "Ina ɗaura su ina jin ba su kwanta mini ba. Sai na ce, ke tsohuwa, ɗan da ya yi karatun lakwal har ya gama, shina aiki gidan iri, shi za ya kawo miki banza? Na bi ka, na ƙi bin hannuna."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauka malama za ta wanke ni tas a gaban mutane, don ta isa, kuma na cancanta. Sai ta tsuguna kusa da Gwaggo ta ce, "Inna, namu ya riga ya lalace, a bar maganarsa. Naki za mu ceto. Yaya za a yi?" Ni da na yi shekara tara a gonar gwaji ba ni aka tambaya ba, kuma daidai ne.

Gwaggo ta ce yau ba a iya komai, don mun yanko su da ɗanye, har yanzu suna riƙe da 'ya'yansu kamar na kirki. Sai rana ta gasa su sannan halinsu zai fito. Haka muka ƙara kwana ɗaya a kan shirinmu. Direba bai yi gardama ba, don ya ga Zuwaira ta jiƙa wake za ta yi alala.

Da hantsi muka shimfiɗa tabarmi huɗu a tsakar gida, muka kwance damman biyu, muka jera zangarnun a rana. Ni aka ba aikin korar kaji da awaki, aikin da ya dace da ni. Na zauna da kara a hannu ina kallon su, ina ƙoƙarin gane nawa a cikin nata. Wallahi biyar kawai na iya nunawa da tabbaci. Malama ta iya zaɓe, ta zaɓo waɗanda za su ruɗi kowa, har da ita kanta.

Bayan azahar, da zangarnun suka yi zafi har ba a iya riƙe su da daɗewa, Gwaggo ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno da faifai a cinyarta. Zuwaira na miƙa mata ɗaya-ɗaya. Sai Gwaggo ta kama zangarniya ta gindi, ta buga ta sau ɗaya a tafin hannunta, ba da ƙarfi ba. Zangon Malam ko gezau, sai ta ajiye shi dama. Shibra kuwa sai ka ji ƙwayoyi sun zubo a faifai kamar yayyafi, ta jefa ta hagu. Wadda ta yi mata gardama sai ta bi ta da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, in ta saki ko kaɗan ta bi 'yan'uwanta. Malama na gefe tana jan layi a littafi duk lokacin da aka jefa ɗaya hagu.

Ana cikin haka Gwaggo ta tambaye ta, ba tare da ta daina aiki ba, "Ke kuwa ɗiyata, mi za ki yi da wannan tsiya har kika baro Yamai?"

Malama ta yi mata bayanin da ta yi mana a bakin tafki, amma a taƙaice: gero da dawa da shinkafa da wake, asalinsu dabam-dabam, amma duk sun koma masu riƙe 'ya'yansu, tana son ta san ta ina abin ya shiga cikin gadonsu.

"To mi za ya hana su yi kama?" in ji Gwaggo. "Mai gero da mai dawa da mai shinkafa ai duk buƙatarsu guda. Wanda ya zube a gona ba shi zuwa rumbu, wanda bai zo rumbu ba ba a shuka shi baɗi. Tun kakanni haka anka yi ta yi. Ko ɗiyan mutane ka raina su haka, sai sun yi hali guda."

Malama ta ce wannan shi ne dalilin, kuma babu littafin da ya faɗe shi fiye da haka. Abin da ya rage mata shi ne ta gano wurin a cikin ƙwayar. Gwaggo ta ce wannan kuma sai ku masu madubi, ta buga wata zangarniya a hannu.

La'asar ta yi, inuwa ta fara cin tabarmi, malama ta ja layi ta ce arba'in da ɗaya. Na yi ajiyar zuciya har kaji suka watse. Na miƙe zan fara tattara sauran, don akwai kusan kashi ɗaya cikin huɗu da ba a taɓa ba, kuma namu sun cika. Gwaggo ta ce in zauna, tun da an fara a ƙarasa. Zuwaira ta ci gaba da miƙa mata. An yi kamar ashirin lafiya lau, sai wata doguwa mai kyau ta zubo a faifai. Malama ta tsaya da alƙalami a sama. Can gab da ƙarshe wata ta sake zubowa.

Arba'in da uku. Duk mun san abin da hakan yake nufi: biyun da suka ƙaru ba mu muka kawo su ba. Tun a gona suka shiga, ranar da Gwaggo ta zaga tana zaɓen iri da idanun da suka daina gaya mata gaskiya.

Na yi sauri na ce, "Gwaggo, ina jin ni na yi kuskuren ƙirga. Arba'in da uku ne muka kawo."

"Babana, kar ka yi mini ƙarya, ba ka iya ba. Takardunka ni na ƙirga su da hannuna ina kwancewa. Arba'in da ɗaya ne." Ta ɗauki ta ƙarshen ta shafa ta tun daga gindi har sama. "Ni na yanko wannan. Na tuna ta ma, kusa ga gawo take. Na hango ta na ce Malam da shina nan da ita za ya fara."

Muryarta ba ta yi rawa ba, ni ne hawaye suka zo mini, na juya ina korar akuyar da ba ta nan. Ta daɗe tana riƙe da zangarniyar. Daga nan ta ce bara ma ta ga shibra ta ɗan yi yawa a gonar, ta ɗora wa iska laifi. Ta jefa ta hagu, ta kira Zuwaira ta zauna a gabanta, ta kama hannunta ta ɗora a kan zangon Malam, ta bi da yatsanta a kan ƙwayoyin, sannan ta ɗora shi a kan shibra. Ta ce ta rufe ido ta sake. Sun yi haka har aka kira magariba, tsohuwar na faɗa, Zuwaira na dariya tana kuskure tana gyarawa. Da za a ɗaure damman, Gwaggo ta ce kuskurena ya yi rana, don da ban kawo arba'in da ɗaya ba da ba a kama biyun ba. Na san lallashina take yi, amma na karɓa.

Da safe muka yi shirin komawa. Malama ta juye ƙwayoyin da suka zuba a faifai cikin jaka ɗaya, ta rubuta a bayanta cewa gauraye ne, ta ce ko ba komai za su yi gwajin farko. Gwaggo ta shiga bayan ɗaki ta fito da zangarniya huɗu daga damin iri, abin da ban taɓa ganin ta ba wani ba. Uku ta ba malama, ta ce ta haɗa su da shibrarta ta ga wanda zai rinjayi wani, amma in ta gano wurin nan da take nema ta aiko a gaya mata. Ɗaya ta miƙo mini. Na durƙusa ina sallama, ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Zuwaira hannu gare ta, amma ba ta san fuskar geron Malam a gona ba tukuna. Kai ka san ta, kana ƙarami ka bi shi zaɓe. In kaka ta yi ka zo, kafin a sa wuƙa. Ka taho da idonka, ka bar buhu a Maradi."

A hanyar dawowa mun tsaya Safo mun sake yankan shibra a gonar dattijon nan, wanda ya ce ya san za mu dawo, don mai son banza ba ya ƙoshi da sau ɗaya. Ashirin da biyu kawai muka samu, sauran sun riga sun zube. Wannan karon a cinyata na riƙe buhun har Maradi. Malama ba ta kai ƙarata wurin shugabanmu ba. Abin da kawai ta ce, daga yau in riƙa rubuta lamba a jikin karan, ba a takarda kaɗai ba.

Mun shigo gari ana kiran la'asar. Na tafi ne ina ganin ni ne mai ilimin iri a danginmu, na dawo na san cewa abin da malama ke nema da madubi a cikin ƙwaya, hannaye irin na Gwaggo ne suka sa shi a can, kaka bayan kaka, a ƙasashen da ba su san juna ba. Na kuma gane cewa abin ba ya tsayawa da kansa. In aka yi shekara biyu ko uku babu mai zagawa da ido mai kyau, daji zai dawo ya karɓi kayansa. Washegari na rubuta takardar neman hutun baɗi, na sa shi daidai lokacin da gero ke nuna, har mai karɓar takardun ya yi mini dariya wai na yi gaggawa da wata goma sha ɗaya.

Zangarniyar da Gwaggo ta ba ni tana rataye a ɗakina, sama da ƙofa. Ranar da na kawo ta ɗiyata ta tambaye ni me ya sa ba za a sussuke ta a yi fura ba. Na sauko da ita na buga a tafin hannuna sau uku, na nuna mata hannun. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba.